Kwana biyar bai ci abinci ba, haɓa ta kumbura

Abban Hanifa, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a agaza mani. Cikin rawayan kifayen nan shida da ƙanena ya taho mani da su daga Legas da damina, ɗaya yau kwana biyar bai sa komai a baki ba. In na zuba abinci sai ya taso da gudu tare da sauran, ya zo dab da shi ya tsaya yana kallo, baki a rufe gam, sannan ya koma bayan dutse. Ƙasan haɓarsa ya kumbura kamar mai maƙoƙo, in ka zuba masa ido kuma za ka ga yana motsa baki a hankali kamar tsoho na tauna goro. Ga hoto nan, ku yi haƙuri gilashin ya ɗan yi hazo. Na sayo ja-da-yalo a kemis, guda nawa zan fasa a tankin kifi mai lita 200?

Maman Walid, Daura: Wa alaikumus salam. Malam don girman Allah ajiye maganin nan, kada ka fasa ko ɗaya. Wannan da kake cewa "shi", ita ce. Ba ciwo take ba, ƙwai ne cike da bakinta. Barka da arziki.

Abban Hanifa: Ƙwai a baki kuma Hajiya? Ni fa na ɗauka cinye su za ta yi in ta same su.

Maman Walid: Haka suke renonsu. Je ka duba rairan da ke gindin duwatsun, za ka tarar da wani wuri an share shi, an yi ɗan rami kamar kwarin turmi. Aikin namijin ke nan. Nan ta zuba ƙwan ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa tana juyowa tana kwashewa da baki. Motsin nan da ka ce na tauna goro juya su take yi don ruwa mai iska ya ratsa su, in sun tsaya wuri guda sai su ruɓe. Za ta riƙe su wajen sati uku, kuma duk tsawon lokacin nan kusan ba ta cin komai.

Abban Hanifa: Ikon Allah. Wallahi ramin na nan, har na cike shi shekaranjiya na ce ɓarna suke mani, da safe na ga an sake tone shi. Uwargida tun jiya take cewa kifin nan azumi yake, ina ta mata faɗa.

Malamin Bayoloji: Gaskiyar uwargida ce. Bari in ɗan ƙara bayani tunda an taɓo fagena. Wannan rawayan sunansa na kimiyya Labidochromis caeruleus, asalinsa Tafkin Malawi, wanda ya haɗa Malawi da Mozambik da Tanzaniya. Yana cikin rukunin da mutanen can ke kira mbuna, wato kifin duwatsu. Tafkin nan kaɗai yana da jinsin siklid, wato babban dangin da mbuna ke ciki, sama da 700, kuma kusan dukansu a baki uwa ke renon ƙwai. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dabarar mazan. A jinsi da yawa, irin shuɗin nan mai zane-zane da nake hangowa a gefen hotonka, namiji yana da ɗige-ɗige masu kama da ƙwai a fiffiken da ke ƙasa kusa da wutsiya. Mace ta gama kwashe ƙwanta sai ta ga waɗannan, ta kai baki za ta ɗauka, shi kuma a lokacin ya saki maniyyinsa. Batun ja-da-yalo kuwa, ba zai yi wa ƙwai komai ba, bakteriyar da ke cikin matatar ruwanka masu cinye ƙazantar kifi zai halaka. Bayan kwana biyu amoniya, gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi, ta hau, ka tashi da asarar da ba ka nema ba.

Ɗan Masunci, Dutsin-Ma: To ku mi kuke ta mamaki? Karfasar da kuke ci kullum da yaji ba haka take ba? Ni na tashi bakin dam ɗin Zobe. Sau nawa za a jawo koma, ka ɗauko karfasa, kana riƙe ta ta amayo ɗiya rututu cikin kwalekwale. Baba shina cewa a maida ta ruwa, wannan mai jego ce. Ku kun je har Malawi kun sawo abin da ke bayan gidanku.

Malamin Bayoloji: Ɗan Masunci ka yi gaskiya, dangi ɗaya ne. Karfasa ma siklid ce. Amma ba duka ke riƙe ƙwai a baki ba, akwai wadda kan shimfiɗa su a ƙasa uwa da uba su tsaya gadi.

Alhaji Mai Tarwada: Ni shawarata daban. Shekarata nawa ina ƙyanƙyasar tarwada, ban taɓa barin uwa ta yi abin da hannu zai yi ba. Bar ta ta kai kwana 18 haka, ka kamo ta, ka jiƙa hannu, ka buɗe bakin da tsinken sakace a cikin roba mai ruwan tankin, ka ɗan girgiza, 'ya'yan su zubo. Ka sami 'ya'yanka cif, ita kuma ta koma ci ta yi jiki, bayan wata ɗaya ko biyu ta sake ɗauka. Masu yin abin don kasuwa haka suke yi duk duniya.

Maman Walid: Ranka ya daɗe ana yi, ban musa ba. Amma mutumin da ɗazu yake shirin zuba ja-da-yalo kake cewa ya sa tsinke a bakin kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba? Ni da hannuna na taɓa tsaga leɓen wata, ta warke amma bakin ya karkace har ta mutu. Kuma wannan haihuwar fari ce, 'yan fari kan firgita su haɗiye ƙwan ko su tofar. In ta riƙe har ƙarshe wannan karon, riba ce ko ɗa ɗaya bai tsira ba.

Alhaji Mai Tarwada: To in ta sake su cikin tankin ai kalaci ta yi wa sauran.

Maman Walid: Shi ya sa ake tara tsakuwa a kusurwa ɗaya, masu girman ƙwan zabi, a jibge su yadda ɗan kifi zai shige babba ya kasa bin sa. Ko kuma in ta kai sati biyu da 'yan kwanaki a maida ta ƙaramin tanki ita kaɗai da ruwan wancan, a sa mata fasasshen kasko ta ɓuya. Ta saki kayanta da kanta, a bar ta kwana biyu ta ci ta murmure, a maida ta. Ni kaskon turaren wuta sabo nake sayowa in fasa gefe, sun fi son shi da duk wani kogon roba na kanti.

Injiniya, Layout: Kafin a kai ga tsinke ko kasko, Abban Hanifa nawa ma'aunin zafinka ke nunawa da asuba? Sanyin satin nan ba na wasa ba ne.

Abban Hanifa: Yau da na dawo masallaci 21 na gani. Da la'asar yakan kai 25. Akwai hita amma in an ɗauke wuta da dare shi ke nan.

Injiniya: To ga inda matsalarka take, ba haɓar kifi ba. Su ruwan can tsakanin digiri 24 da 28 suka saba. A 21 ba za su mutu nan take ba, amma hawa da saukar nan kullum shi ke raunana su, ciwon farin ɗige-ɗigen nan na jiki ya samu ƙofa. Kuma ƙwan zai daɗe, sati ukun sai ya miƙe ya tasar wa huɗu. Kada ka ɗora hita kan ƙaramar inbata, mai wat 200 kafin tsakar dare ta shanye maka batir. Samo farin kumfan nan da ake tallafe firiji da shi a kwali, ka manna baya da gefe biyu, da dare ka rufa bargo a kai ka bar 'yar kafa. Lita 200 ba ta saurin hucewa in an rufe ta. Abin da za ka ba wuta dare da rana shi ne injin iska, wat 3 zuwa 5 ne kawai, ko fawa bank na iya riƙe mai igiyar USB. Ka haɗa shi da matatar soso, ka huta. Matatar nan ta rufaffiyar gwangwani in ta yi awa shida a kashe, ruwan cikinta kan lalace, wuta na dawowa ta kwararo shi kan kifi.

Maman Walid: Hunturu ma da sauƙi Injiniya. Ni bazara nake tsoro. Watan huɗu na bara, rana ta haura 40, ruwana ya kai 33, ga ba wuta tun safe. Na shigo daga kicin na tarar da su duka a sama suna haki. Ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take. Ni da Walid muka yi ta ɗiba da kofi muna kwararawa daga sama kamar masu fifita koko, har magariba. Uku suka tafi, manyan ne ma. Tun daga nan na sayi 'yar fanka mai caji na kafa ta tana hura saman ruwan, tana sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai ruwan na ƙafewa da sauri.

Sabon Shiga: Anti ƙanƙara fa? Ba sai a jefa ba?

Maman Walid: A cikin gora a rufe, ɗaya bayan ɗaya, ba ka fasa ƙanƙarar mai shago ka watsa ba. Ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba ƙanena.

Sabon Shiga: Na gode Anti. Tambaya ta biyu, ku yi haƙuri da ni. Na ji ana cewa kifin Malawi ruwa mai kanwa-kanwa yake so. To ga kanwa nan a kicin ɗin Umma, ungurnu ma. In ɗan jiƙa in zuba?

Alhaji Mai Tarwada: Ni ban ga laifi ba in kaɗan ce. Dabbobi ma ana ba su.

Malamin Bayoloji: Alhaji a nan kam ban bi ka ba. Tunanin yaron ba shirme ba ne, don kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, kuma ruwan Malawi yana wajen 7.7 zuwa 8.6, na Tanganyika ma ya ɗara haka. Matsalar ita ce kanwar kasuwa ba ta da ma'auni. Wannan dunƙulen ya fi wancan ƙarfi, ga gishiri ga ƙasa ga abin da ba ka sani ba. Ka zuba yau pH ya yi tsalle, ka canja ruwa jibi ya faɗo. Kuma ku riƙe wannan: amoniya ta fi dafi in pH ya hau, ta fi dafi in ruwa ya yi zafi. Tankin da yake lafiya jiya sai ka mayar da shi guba da cokali ɗaya. Ka fara auna ruwanka tukuna. A cikin garin nan ma ruwan wannan burtsatse daban da na waccan, balle na famfo da ke zuwa daga Ajiwa wanda ake sa wa kulorin. In ka auna ka ga 7.5 ko sama, kada ka taɓa komai. Kifayen da ke iso mana ba daga tafkin aka kamo su ba, kakanninsu ma a tanki aka haife su. In ruwan ya yi ƙasa sosai, je wurin masu abincin kaji ka sayi niƙaƙƙen ɓawon kawa ko farin dutsen da ake haɗa wa masu ƙwai, ka wanke, ka ɗaure a ƙyalle ka sa kusa da matata. Shi a hankali yake narkewa, ba ya tsalle.

Injiniya: Ƙari a kan na Malam: duk dutsen da ka tsinto, matsa masa lemon tsami. In ya yi kumfa yana da farar ƙasa, zai ɗaga pH. Baƙin dutsen nan namu na fasa kwalta ba ya canja komai. Kuma dutse a kan gilashi ake fara ɗora shi sannan a zuba rairai. In ka ɗora a kan rairai suka tone ƙarƙashi, rugujewa zai yi. Wani abokina lita 200 ta kwance masa a falo cikin dare, jarka takwas ke nan a kan kafet.

Ɗan Masunci: Duk wannan wahala don kifin da ba a ci. Auna ruwa, rufa bargo, fanka. Ni ko ɗiyana ban yi wa haka ba. Ku zo in kamo maku ɗiyan karfasa kyauta, ku zuba masu dussa, ko cikin baho suna rayuwa.

Maman Walid: Kai ma masu tattabaru a garinku nawa suke sayen guda ɗaya mai kyan gashi? Ci suke yi?

Ɗan Masunci: Hajiya kin kama ni. Amma tattabara ko ba komai in an yi baƙo ana iya yanka ta.

Malamin Bayoloji: Wasa wasa akwai magana a bakinsa. Karfasa dai takan haura santimita 30, ta tone komai, ba ta falo ba ce. Amma muna da namu na ado da muke rainawa. Kribensis ɗin nan mai jan ciki da Turawa ke rububi, daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru yake. Shi a kogo yake ƙwai, uwa da uba su fito da 'ya'ya suna kiwo kamar kaza da 'yan tsaki, kuma bai kai mbuna faɗa ba. Akwai kuma ja mai ɗigon shuɗi kamar an watsa masa duwatsun ado, shi ma ɗan Afirka ta Yamma ne, sai dai mafaɗaci ne in yana jego. Abin da nake roƙo ɗaya ne: duk wanda ya gaji da kifinsa kada ya kai shi Zobe ko Jibiya ko Sabke ya saki. Giwan ruwa da muke alfahari da shi a Argungu, a kogin Kwara da Tafkin Chadi ɗan gida ne. Da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya cika tafkin, aka nemi jinsin siklid wajen 200 cikin kusan 500 aka rasa. Ba shi kaɗai ya yi ɓarnar ba, gurɓatar ruwa ma ta taimaka, amma shi ne babba.

Abban Hanifa: Malam Allah ya ƙara ilimi. Saura abinci. Ni ɗan ƙaramin ƙwayar nan na tarwada nake ba su, safe da rana da dare, mudu ɗaya ya kai ni wata da watanni.

Alhaji Mai Tarwada: Abinci mai kyau ke nan, furotin ɗinsa ya haura kashi 40.

Maman Walid: Shi ne aibinsa Alhaji. An yi shi ne don tarwada ta yi ƙiba cikin wata huɗu a kai ta kasuwa. Rawayan za su ɗan jure, don su a can ma suna cin ƙwari. Shuɗin nan kuwa gansakuka yake kankara a jikin dutse, hanjinsa dogo ne na mai cin ganye. Ka cika shi da maiƙo sai ciki ya kumbura, kashi ya koma fari siriri kamar zare, ya daina ci, kwana kaɗan ya tafi. Wannan ce kumburar da za ka ji tsoro, ta ciki ba ta haɓa ba. Nemi abinci mai sifirulina, wata irin gansakuka, ko ka sulala alayyafo ko zogale kaɗan ka ɗaure a dutse. Sau biyu a rana, abin da za su cinye kafin ka ƙirga talatin. Kuma kowane sati ka zubar da jarka biyu ka sa sabo wanda ya kwana a buɗe. Ruwan da ka cire ma kada ka zubar a kwata, ba shukoki.

*Bayan kwana goma sha shida*

Abban Hanifa: Jama'a ga labari, da daɗi da ba daɗi. Na yi kumfa da bargo, ruwa bai ƙara sauka ƙasa da 24 ba. Tun shekaranjiya in ta juyo ina hango idanu baƙaƙe ƙanana ta fatar haɓarta. Jiya da dare na ce bari in maida ta ƙaramin tanki. Hajiya ba ki gaya mani kama mbuna cikin duwatsu yaƙi ba ne. Na yi minti arba'in ina bin ta da raga, ƙarshe sai da na kwashe duwatsun kaf na jibge a baho. Tana shiga ragar ta tofar da su. Wasu a raga, wasu suka zube cikin tankin, shuɗin nan ya yi wuf da uku a gabana, Hanifa na ihu. Na tsira da 11. Abin da ya tsaya mani a rai, da na sa ta ƙaramin tankin tare da su, na matso da fuskata jikin gilashi, sai ta buɗe baki suka ruga suka shige, guda biyu suka rage wutsiya a waje tana ta ƙoƙarin haɗa su.

Alhaji Mai Tarwada: Da ka bi tawa da 14 gare ka.

Maman Walid: Da ya bi taka sai ya kamo ta dai tukuna Alhaji, kamun ne ya jawo. Laifina ne da ban faɗa ba: da asuba ake kama su kafin a kunna fitila, suna cikin magagi, da raga biyu, ɗaya a ajiye ɗaya ana korowa. Goma sha ɗaya a haihuwar fari ba laifi. Murtsuke abincin manyan ya zama gari ka ba su kaɗan-kaɗan, ita kuma jibi ka cire ta, don in yunwa ta dawo mata ba ta san ɗa ba. In za ka maida ta babban tanki ka sauya wa duwatsun zama, kowa ya shagala da neman sabon gida, in ba haka ba za su tarar mata kamar baƙuwa. Amma tsaya. Shuɗin nan namiji ne, shi kaɗai ne irinsa a tankin?

Abban Hanifa: Shi kaɗai ne. Shi ne ma sarkin tankin, kowa tsoronsa yake.

Malamin Bayoloji: To wa ka gani yana tonon ramin nan?

Abban Hanifa: Wallahi Malam ban lura ba. Da safe kawai nake ganin an tone.

Malamin Bayoloji: Mbuna suna haɗuwa tsakanin jinsi in namiji bai sami tasa ba, balle in shi ke da iko da wurin. Ka zuba wa 'ya'yan ido wata biyu zuwa uku. In sun fito rawaya tas da baƙin layi a fiffiken baya, na gida ne. In ka ga launi ya yi dishi-dishi da zane a jiki, ruwa biyu ne. Ka riƙe abinka ka more, amma kada ka sayar wa wani da sunan asali. Shuɗin kuma ko ka nemo masa mata uku ko huɗu irinsa, ko ka ba da shi.

Ɗan Masunci: Wato ya cinye ɗiya uku, kuma wataƙila nasa ne. Ku ba ni shi in soya.

Sabon Shiga: Yaya Abban Hanifa ko ruwa biyun ne ina so, guda uku kawai. Mai gilashi ya ce ranar Asabar zai gama haɗa mani tankina.

Maman Walid: Asabar ɗin ka zuba ruwa ka kunna iska, ba kifi ba. Sabon tanki sai ya yi sati huɗu zuwa shida kafin bakteriyar nan masu cinye ƙazanta su kama a matatarsa. Ka je wurin yayanka ya matse maka tsohon sosonsa a roba, baƙin ruwan nan ka juye a naka, zai rage maka kwanaki.

Abban Hanifa: Zo bayan la'asar ranar Asabar ɗin, ka taho da roba mai murfi. 'Ya'yan kuma sai sun kai girman ƙwayar wake, kuma sai ka shawo kan Hanifa, don duk ta raɗa masu suna.